Wai da gaske ne soja ya kafa wa Arthur Ashe bindiga a baya a Legas?

Maman Khalil, Zariya

Assalamu alaikum. Tambaya gare ni ga masu bin wasan tanis, musamman manyanmu da suka ga shekarun 1970 da idonsu.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya yi aikin gwamnati a Legas, yana zaune a Obalande, ba nisa da barikin Dodan. Ni ba a haife ni ba a lokacin. Amma duk shekara idan Fabrairu ta zagayo aka fara maganar Janar Murtala a rediyo, sai Baba ya ture kofin shayinsa gefe ya ɗauko mana labarin Juma'ar da aka kashe shi, yadda suka ji muryar Dimka a rediyo, yadda kowa ya ja ƙofarsa ya rufe. Kuma kullum da abu ɗaya yake rufe labarin. Wai bayan kwana uku wani abokin aikinsa ya ja shi kallon tanis don su ɗan sha iska. Ana tsakar wasa sai ga sojoji sun faɗo filin suna daka tsawa, ɗayansu ya kafa wa wani dogon Ba'amurke baƙar fata bakin bindiga a gadon baya. Baba ya ce 'yan kallo suka watse kowa ya yi ta kansa, shi ma takalminsa ƙafa ɗaya can ya baro shi, amma mutumin nan hannuwansa kawai ya ɗaga, ya taka a hankali har ya fita daga filin. "Ata Ash" Baba yake kiransa, ya ce a lokacin shi ne zakaran duniya.

Muna yara mun ɗauka ƙarin gishiri ne irin na tsofaffi. To yanzu ɗana mai shekara 11 ya kamu da son tanis, an ba shi aron raket a makaranta, bangon tsakar gidanmu duk ya yi tabon ƙwallo. Rannan na ba shi labarin kakansa, ya tsare ni da tambayoyin da ba ni da amsarsu. Shin abin ya faru kuwa? Kuma shi Arthur Ashe ɗin nan gwani ne na haƙiƙa, ko sunansa ya fito ne kawai don shi baƙi ne a tsakiyar fararen fata? So nake in gaya wa yaron gaskiya, kada ya je ya faɗi abin da za a ƙaryata shi.

Baba Koci, Kaduna

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya jiƙan mahaifinki, ya kai haske kabarinsa. Bai ƙara gishiri ba ko ƙwaya ɗaya.

Ranar Juma'a 13 ga Fabrairu 1976 aka kashe Murtala. A makon nan ana gasar ƙwararru ta WCT a Lagos Lawn Tennis Club, nan kusa da dandalin Tafawa Ɓalewa. Aka tsayar da wasa, daga baya aka ce a ci gaba. Ranar Litinin 16 ga wata Ashe yana buga wasan kusa da na ƙarshe da wani ɗan ƙasarsu, Jeff Borowiak. Ashe ya ci turmin farko, an shiga na biyu, yana shirin buga sabis sojojin suka shigo. Abin da ya harzuƙa su shi ne ƙasa tana zaman makoki ana nan ana tafi da shewa. Ki haɗa da cewa wata guda kafin nan Murtala ya tsaya a taron shugabannin Afirka a Addis Ababa ya ƙi bin ra'ayin Amurka a kan Angola, don haka da aka harbe shi mutane da yawa Amurka suka nuna wa yatsa. 'Yan wasan suka fake a ofishin jakadancin Amurka, washegari aka fitar da su daga ƙasar. Pele ma yana Legas a kwanakin, shi ma ya maƙale. Gasar kuwa a Karakas ta ƙasar Benezuwela aka ƙarasa ta, inda Dick Stockton ya doke Ashe a wasan ƙarshe.

Ina ɗan shekara 15 a lokacin, kuma na yi kukan Murtala kamar kowa a Kaduna. Na san zafin da ke ran sojan nan. Duk da haka har yau in na tuna sai in ji kunya ta kama ni, domin baƙo ne, mu muka gayyato shi, kuma ba zuwansa na farko ba ke nan. Tun 1970 ya zo Najeriya tare da Stan Smith suna koya wa yara riƙon raket.

Maganar zakaran duniya, kambin Wimbledon, babbar gasar tanis ta Ingila, yana hannunsa a ranar, wata bakwai da cin sa. A lissafin kwamfuta Jimmy Connors ne na ɗaya, Ashe bai taɓa wuce na biyu ba, amma masana wasan da yawa shi suka ba wa shekarar 1975.

Yanzu tambayarki ta biyu, wadda ita ta sa na zauna rubutu da daren nan.

Ni da tsintar ƙwallo na fara, a wani kulob a nan Kaduna, ina ɗan shekara 12. Sule ɗaya ake ba mu in an tashi. Idan manya suka bar fili gab da magariba sai mu fito da katakon da muka sassaƙa, mu yi ta bugu da ƙwallayen da gashinsu ya ƙare har sai duhu ya kore mu. Ranar Asabar 5 ga Yuli 1975 wani Bature ya ajiye rediyonsa a kan teburi bakin fili ya kamo BBC, ana wasan ƙarshe na Wimbledon tsakanin Ashe da Connors, kowa ya ajiye raket. Ba na jin Turancin mai sharhi sosai, lambobi kawai nake tsinta. Da na ji 6-1, na sake jin 6-1, sai na ɗauka Connors ne ke cin mutumin namu, domin abin da duk kulob ɗin ke jira ke nan. Wani dattijo mai share fili ne ya kama kafaɗata ya ce, kai yaro, baƙin ne a gaba.

Sai kin san wane ne Connors a lokacin za ki gane dalili. Shekararsa 22, bahago, shi ke riƙe da kofin. Shekarar da ta gabata ya ragargaji Ken Rosewall a wasan ƙarshe 6-1, 6-1, 6-4. A wannan gasar ma ko turmi ɗaya bai bari an ci shi ba har ya iso ƙarshe, kuma a wasan kusa da na ƙarshe ya yi kaca-kaca da Roscoe Tanner, wanda sabis ɗinsa kamar harsashi yake. Ashe kuwa saura kwana biyar ya cika 32, ya sha wuya kafin ya wuce Bjorn Borg, sannan sai da ya yi turmi biyar da Tony Roche. Ga shi ba sa ga maciji da juna. Connors ya maka shi a kotu yana neman miliyoyin daloli saboda Ashe ya soke shi kan ƙin buga wa ƙasarsa gasar Davis Cup. Da wannan a ransa Ashe ya shigo fili sanye da rigar tawagar Amurka mai rubutun USA a ƙirji.

Bayan shekaru na samu kaset ɗin wasan, kuma ban san sau nawa na kalle shi ba. Connors irin ɗan damben nan ne da ke jiran ka kawo masa naushi da ƙarfi ya mayar maka da ƙarfinka. Duk yadda ka ƙwala masa ƙwallo, haka za ta dawo maka ta fi yadda ta tafi. Shi kuma Ashe duk rayuwarsa mai bugu da ƙarfi ne, mai kasada, ko ta faɗa ciki ko ta tafi daji. Daren wasan ya zauna da abokansa, irin su Donald Dell da Charlie Pasarell, suka tsara cewa ba zai ba Connors abincinsa ba. Sabis ɗinsa sai ya riƙa yanka shi yana lanƙwasawa waje ta ɓangaren da Connors ke riƙe raket da hannu biyu, har sai ya fice daga fili kafin ya taɓa ta, filin ya zama wayam. In ana musayar bugu sai ya turo masa ƙwallo a sanyaye, ƙasa-ƙasa, ta hannun hagunsa. A kan ciyawa irin wannan ƙwallo ba ta tashi, zamewa take yi. Connors kuma bugunsa a miƙe yake, ba ya murza ƙwallo, don haka in ya duƙa ya ɗauko ta daga ƙasa da ƙarfi, ko ta ci raga ko ta wuce layi. In ya gaji ya rugo gaban raga sai Ashe ya ɗaga ta ta bisa kansa. Lokacin hutun canjin gefe kuwa sai ka ga Ashe zaune ya rufe ido, ko motsi ba ya yi.

Wurin da nake tsayar da kaset in nuna wa yarana shi ne turmi na huɗu. Connors ya farfaɗo ya ci na uku 7-5, ya shiga na huɗu ya yi gaba 3-0. A nan ne ɗan wasa ke tsorata ya watsar da shiri ya koma abin da hannunsa ya saba. Na ga haka sau ɗari a filayenmu, har a gasar Dala a Kano: yaro ya bi dabara turmi guda, da an ɗan matsa shi sai ya koma ƙwala ƙwallo ido rufe. Ashe bai sauya ba. Ya ci shida daga cikin wasanni bakwai da suka rage, aka tashi 6-1, 6-1, 5-7, 6-4. Mutum ya ajiye salon da ya yi shekara ashirin yana ci da shi, a ranar da ta fi kowace rana girma, kuma ya daure a kai har ƙarshe, ni ban ga gwanintar da ta wuce wannan ba a wasan nan.

Natsuwar da mahaifinki ya gani a Legas kuwa koya masa ita aka yi. An haife shi 1943 a Richmond ta jihar Virginia, lokacin da doka ta hana baƙi shiga filayen farare. Babansa mai gadin wani filin wasanni ne na baƙaƙe, gidansu a cikin filin yake. Daga baya wani likita baƙar fata, Dakta Robert Walter Johnson na garin Lynchburg, ya ɗauke shi. Likitan ne kuma ya taimaki Althea Gibson da ta ci Wimbledon ta mata a 1957 da 1958. Dokar likitan ga yaransa ita ce, a gasar yara inda kai ne alƙalin layinka, in ƙwallon abokin karawarka ta faɗi dab da layi, ko da ta ɗan fita, ka ce ta shiga. Ba jefar da raket, ba gardama, ba ɗaga murya. Ya san ana neman dalili ɗaya tak da za a ce ga halinsu nan a rufe musu ƙofa. Ki duba nauyin da aka ɗora wa yaro ɗan shekara goma.

A 1963 ya zama baƙi na farko a tawagar Amurka ta Davis Cup. A 1968 ya ci US Open, shekarar farko da aka buɗe gasar ga ƙwararru masu karɓar kuɗi, ya doke Tom Okker na Holan a turmi biyar, na farkon ma 14-12 aka tashi. A lokacin laftanan ne a sojan Amurka, a rajista ba ƙwararre ba ne, don haka dala 14,000 ta zakara Okker ɗin da aka kayar aka miƙa wa, shi kuwa kuɗin guzurin dala 20 a rana ya tashi da shi. Ya ƙara da Australian Open a 1970. Yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar 'yan wasa ta ATP a 1972, ya shugabance ta daga baya.

Ba zan ce miki ya kai Rod Laver ko Borg yawan kofuna ba, bai kai ba. Manyan kofuna uku gare shi, kuma jar ƙasar Roland Garros, babbar gasar Faransa, ba ta taɓa karɓarsa ba a wasan ɗaiɗai. Amma ba launin fata ke cin turmi a Wimbledon ba. Har yau ba wani namiji baƙar fata da ya sake cin Wimbledon ko US Open ko Australian Open bayansa. Ki gaya wa jikana haka.

Ɗan Birketeri, Yawunde

Sannu da ƙoƙari Baba Koci, Allah ya ƙara lafiya. Hajiya, bari in ƙara miki da abin da ya faru a garinmu, tunda kin ce yaronki shekararsa 11.

A 1971 Ashe ya zo Yawunde cikin rangadin Afirka, aka kawo yara su buga da shi. Cikinsu akwai wani ɗan shekara 11, ɗan Zacharie Noah wanda ya buga ƙwallon ƙafa a kulob ɗin Sedan na Faransa har suka ci kofin ƙasar a 1961. Ashe ya ga bugun yaron, ya ba shi raket, sannan ya yi wa Philippe Chatrier na hukumar tanis ta Faransa magana. Ba a daɗe ba aka kai yaron birnin Nice. Shi ne Yannick Noah. A 1983 ya ci Roland Garros, ya doke Mats Wilander 6-2, 7-5, 7-6, babansa ya diro daga wurin 'yan kallo ya rungume shi a tsakiyar fili. Shekara 37 Faransawa suka yi suna jiran namiji nasu ya ci kofin nan, kuma tun daga Noah ba su sake samu ba.

Abin da ya fi burge ni, a 1982 wasan ƙarshe na Davis Cup a Grenoble, Amurka da Faransa. Ashe ne kyaftin ɗin Amurka, yana zaune a kujera bakin fili, yaron da ya tsinto a Yawunde yana ɗaya gefen yana fafatawa da John McEnroe har turmi biyar. McEnroe ya ci, Amurka ta ɗauki kofi. Ina ma a ce na san abin da ke ran Ashe a kujerar nan.

Mu a nan muna alfahari da Noah, ya ma dawo gida yana riƙe da sarautar gidansu a unguwar Etudi. Amma akwai ɗaci a ciki. Sai da aka raba yaro da uwa da uba yana ɗan shekara 12 kafin baiwarsa ta yi amfani, kuma kofin sunan Faransa aka rubuta a kai. Yau in kin zaga Garwa ko Marwa, filayen tanis ɗin da yaron talaka zai shiga ba tare da an kore shi ba ba su fi a ƙirga da yatsu ba.

Abu Sumayya, Kano

Baba Koci, na karanta duka, kuma a kan wasa ba ni da ta cewa, kai ne masani. Amma ka tsallake wurin da ni nake da ja.

Na fara koyarwa a ƙarshen shekarun 1970. A zamaninmu har daga albashi ake cire gudummawar 'yan'uwanmu na kudancin Afirka. A 1976 'yan wasanmu sun riga sun isa Montreal domin wasannin Olympics aka ce su tattaro su dawo, yara sun yi shekara huɗu suna shiri suka dawo hannu rabbana, don dai kada a zauna inuwa ɗaya da masu hulɗar wasa da gwamnatin wariyar launin fata. A 1978 muka sake ƙaurace wa wasannin Commonwealth. Shi kuwa Ashe, da ƙafarsa ya je Johannesburg a 1973 ya buga musu gasa, ya sake komawa. Me gwamnatin can take nema da ya wuce hoton baƙar fata yana wasa a filinta, ta nuna wa duniya ta ce ga shi mun canza? Matasan baƙaƙe na can ma wasu sun faɗa masa a fuskarsa cewa zuwansa bai taimake su ba.

Ka kwatanta da Muhammad Ali. A 1967 ya ƙi shiga soja, aka ƙwace kambinsa, ya yi sama da shekara uku ba ya dambe a lokacin da ƙarfinsa ke kan ganiya. A daidai wannan lokacin Ashe kakin soja ne a jikinsa. Tarbiyyar likitan nan da ka yaba, ta cewa a bar wa abokin karawa ƙwallon da ta fita, ni tausayi take ba ni. An koya wa yaro ya haɗiye haƙƙinsa don a bar shi ya zauna. Ba na son Hajiya ta koya wa ɗanta haka.

Baba Koci, Kaduna

Malam, maganarka tana kan hanya, kuma shi kansa Ashe ya dawo kan ra'ayinka daga baya. Sai dai a cika labarin. Tun 1969 yake neman biza suna hana shi, kuma hana shin da aka yi yana cikin abin da ya jawo aka kori Afirka ta Kudu daga Davis Cup a 1970. Da suka ba shi a 1973 ya kafa sharaɗin cewa ba zai buga a gaban 'yan kallon da aka raba wa wurin zama ba. Ya kai wasan ƙarshe Connors ya doke shi, ya ci na bibbiyu shi da Okker. Ya shiga Soweto, kuma filayen tanis da aka gina a can da sunansa suna nan. Lissafinsa shi ne yaron Soweto ya ga baƙi ɗan'uwansa yana kayar da farare da idonsa. Da ya ga gwamnatin ba ta da niyyar sauyawa sai ya koma kiran a ƙaurace mata, shi da mawaƙi Harry Belafonte suka jagoranci ƙungiyar 'yan wasa da masu fasaha a kan haka a 1983. A Janairun 1985 'yan sanda suka kama shi a ƙofar ofishin jakadancin Afirka ta Kudu a Washington, yana kyaftin ɗin tawagar ƙasarsa a lokacin. A Satumban 1992, ciwo ya riga ya cinye shi, aka sake kama shi a gaban fadar White House saboda 'yan gudun hijirar Haiti.

Ali daban ne, ban haɗa shi da kowa ba. Amma Ali yana da jama'a a bayansa, dambe cike yake da baƙaƙe. Ashe shi kaɗai ne a ɗakin canza kaya, shekara da shekaru. Na ɗan ɗanɗani irin wannan a kulob ɗin da na tashi, inda yaron da ke tsintar ƙwallo ba ya shan ruwa a kofin da mambobi ke sha. In ka yi faɗa ranar farko, ba za ka ga rana ta biyu ba, balle ka buɗe wa na bayanka ƙofa.

Inda na bi ka ɗari bisa ɗari shi ne maganar layi. Yarana ina ce musu ƙwallon da ta fita ta fita, ka faɗa da ƙarfi, ba tsoro. Wancan zamani ne ya tilasta wa likitan, mu ba abin da ya tilasta mana.

Anti Nas, Jos

Ni ban iya tanis ba, aikin jinya na yi shekara 28. Ƙarshen rayuwarsa nake so in taɓa, don ba wanda ya faɗe shi.

A Yulin 1979 zuciyarsa ta buga, yana ɗan shekara 36, mutumin da ba ƙiba, kullum cikin motsa jiki. A Disamba aka yi masa tiyata aka sauya wa jijiyoyin zuciya huɗu hanya, a Afrilun 1980 ya ajiye raket. Abin a jininsu yake. Babansa ya yi fama da ciwon zuciya, mahaifiyarsa kuma ta rasu a 1950 tana da shekara 27, sanadin hawan jinin masu juna biyu, shi yana ɗan shekara shida. Wannan ciwon na mahaifiyarsa har gobe yana kashe mana mata a ɗakin haihuwa, kuma awon ciki a kan lokaci yana kama shi. Duk wanda ya san akwai ciwon zuciya ko hawan jini a gidansu, ya je a auna shi ko da yana jin kansa garau.

A 1983 aka sake yi masa tiyata, aka yi masa ƙarin jini. A lokacin ba a fara tantance jini don cutar ƙanjamau ba, sai 1985 aka fara a Amurka. Ta nan ya ɗauka. Bai sani ba sai 1988, da hannunsa na dama ya mutu aka buɗe kansa aka ga irin ciwon da ke kama wanda garkuwar jikinsa ta karye. Ya rufe maganar shi da matarsa saboda 'yarsu ƙarama ce. Da ya ji jaridar USA Today na shirin bugawa, sai ya fito da kansa ranar 8 ga Afrilu 1992 ya faɗa wa duniya.

Wannan wurin yana taɓa ni sosai. Na yi aiki a shekarun da ma'aikata ke tura wa mai wannan cuta kwanon abinci da ƙafa. Na ga matar da aka sallama daga gidan miji don wata ta ga katinta ta kai gari. Ciwon mutum sirrinsa ne, shi ke da ikon faɗa ko ya yi shiru, ko shi wane ne. An ƙwace masa wannan ikon. Duk da haka watanni goman da suka rage masa bai ɓuya ba. Ya kafa gidauniyar yaƙi da cutar, ya yi jawabi a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ranar 1 ga Disamba 1992. Ya rasu 6 ga Fabrairu 1993 yana da shekara 49, ciwon huhu ne ya ƙarasa shi. Aka kai gawarsa gidan gwamnan Virginia jama'a suka yi layi suna ban kwana, a garin da yana yaro aka hana shi shiga filin wasa. Babban filin da ake buga wasan ƙarshe na US Open tun 1997, mai cin mutum sama da 23,000, sunansa yake ɗauke da shi.

Maman Khalil, Zariya

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Jiya bayan isha'i na karanta wa Khalil duka, har da gardamar Baba Koci da Malam. Muka nemo wasan 1975 a YouTube, ya sa ni na mayar da turmi na huɗu sau uku. Na kira yayarmu na gaya mata labarin Baba gaskiya ne, muka yi ta kuka a waya.

Baba Koci, wata tambayar kuma. Raket ɗin da aka ara masa na manya ne, yana cewa wuyan hannunsa na ciwo. Wane iri zan nema masa, kuma bugun bangon nan yana da amfani ko ɓata hannu yake yi?

Baba Koci, Kaduna

Ki karɓe na manyan nan yau, shi ke sa masa ciwon. Ki nemi mai tsawon inci 26, mara nauyi, ko na hannu ne ba komai in dai bai tsage ba kuma zarensa da sauran ƙarfi. In kin samu ƙwallo mai ɗigon kore ki saya, ta fi laushi, ba ta tashi ta wuce kafaɗarsa. Bango kuwa kada ki hana shi. Ki sa a ja layi da alli ko gawayi a tsayin santimita 91 daga ƙasa, tsayin tsakiyar raga ke nan, ya riƙa bugawa sama da layin kaɗan, a hankali, yana ƙirgawa. Ranar da ya yi 50 a jere ba ta kuɓuce masa ba, ki sanar da ni a nan in faɗa miki abin da zai biyo baya.